Damisa Ƙi Sabo

Da na ɗora tafin hannuna a kan bonet ɗin motar, sai na ji ɗumi. Ƙarfe tara na safe ne, motar tana cikin rumfa, rana ba ta taɓa ta ba, dillali kuma bai daɗe da gama rantse min cewa tun makon jiya ba wanda ya tashe ta ba. Na san ma'anar ɗumin nan sarai. Duk wanda ya taɓa cinikin tsohuwar mota ya san inji mai laifi da sanyin safiya yake tona kansa: wuyar tashi, baƙin hayaƙi ko shuɗi, da wata 'yar ƙara da ke ɓacewa da zarar ya ɗau zafi. Shi ya sa mai abin ɓoyewa yakan riga ka tayar da ita. Na janye hannuna na zura a aljihun riga, ban ce uffan ba. Yau idan aka tambaye ni inda kuskurena ya faro, wannan safiyar nake nunawa.

Kowa da irin ciwonsa. Wani doki, wani tattabaru, wani kallon ƙwallo har ya manta da abincin dare. Ni nawa shi ne tsofaffin motocin nan masu ƙofa biyu, dogon hanci da gajeren baya, waɗanda aka ƙera don daɗin tuƙi kawai, ba ruwansu da kai yara makaranta ko ɗauko buhun masara. Na yi shekaru ina ajiye 'yan kuɗi a gefe saboda wannan buri, ba tare da na taɓa bashi ko na tauye cefane ba, don haka ba na jin kunyar burin kansa. Sai ga shi cikin wata guda an kawo min labarin guda biyu, ɗaya a Kaduna, ɗaya a Kano, kuɗin hannuna kuwa na ɗaya ne.

Ta Kaduna Peugeot 504 ce, wato Fijo. Ni ɗan Kaduna ne, kuma ɗan Kaduna na zamanina a cikin 504 ya girma. A shekarun da suka biyo bayan fara harhaɗa motocin Peugeot a Kakuri a 1975, ita ce motar gwamnati, ita ce motar haya, ita ce a-kori-kurar da ke jigilar tumatir, ita ce wagon ɗin da ake cusa mana mutum uku a kujerar baya-baya daga tashar Kawo zuwa Kano. Mahaifina da rancen mota ya sayi tasa, fara, kuma a cikinta aka kai ni makarantar kwana da akwatin ƙarfe a but. Amma wadda aka kira ni in gani ba irin wannan ba ce. Ita ce mai ƙofa biyu, Coupé, wadda aka fara nunawa a bikin baje kolin motoci na Geneva a 1969, 'yan watanni bayan fitowar 504 ɗin da muka sani. Kamfanin Pininfarina na birnin Turin a Italiya ne ya zana jikinta, shi ne kuma yake ƙera shi, sannan a kai Faransa a ɗora masa inji. An rage mata tsawo tsakanin tayoyin gaba da na baya da santimita 19, kuma babu wani ɓangaren jikinta da ya yi daidai da na mai ƙofa huɗu. Ba a taɓa harhaɗa ta a Kaduna ba. An daina yin ta a 1983.

Mai ita wani dattijo ne, tsohon injiniya da ya yi ritaya, gidansa a Barnawa. Na same shi ya fito da ita tsakar gida, shuɗiya mai duhu, fentin ya ɗan koɗe a rufi. Kafin in gama zagaya ta sai ya ce, "Ɗana, bari in fara nuna maka aibinta. Kyawunta kai ma kana da ido." Ya durƙusa da ƙyar, ya kama yatsana ya ɗora a ƙasan ƙofar direba, inda tsatsa ta fara kumbura fenti kamar ƙurajen zafi. Ya nuna min fitilar baya da ta tsage, ya ce in ta fashe gaba ɗaya kada in wahalar da kaina zuwa Panteka, babu ita, haka gilashin gaba. Ya buɗe bonet, injin sanyi ƙalau, ya ce asalinta da na'urar fesa mai ta Kugelfischer ta zo, amma da ta gaji, kuma aka rasa mai iya saita ta, sai ya cire ya sa kafireto irin na 504 ta gida. Tsohuwar na'urar tana nan cikin kwali a ɗaki, in ina so in haɗa da ita. Daga nan ya shiga ya fito da wani littafin rubutu mai bangon kwali, irin na 'yan firamare. Duk ranar da aka juye baƙin mai, duk ranar da aka canza birki ko fanbel, yana ciki da kwanan wata da lambar kilomita, da rubutun hannu mai kyau irin na mutanen da. Ya murɗa makulli sau ɗaya ta tashi.

Na tuƙa ta har gadar Kogin Kaduna na dawo. Sitiyari mara nauyi, giya na shiga kamar ana yanka man shanu, ramukan hanya tana haɗiye su yadda 504 ta saba. Ba ta da wani ƙarfin azo-a-gani, injin lita biyu ne mai silinda huɗu, amma tana tafiya da natsuwa. Kuma motar tana da tarihin da ya isa a yi taƙama da shi: irinta mai silinda shida ce Jean-Pierre Nicolas ya ci gasar Safari ta Kenya da ita a 1978, ya kuma ci ta Bandama a Kwaddibuwa a shekarar. Kuɗin da dattijon ya faɗa bai kai abin da na tara ba. Da na saya, da sauran canji ya rage min na gyaran tsatsa da fenti.

Da daddare na kai labari majalisarmu, ina ta zuba. Wani abokina ya bari na gama, ya kurɓi shayinsa, ya ce, "Yanzu duk tarin kuɗin nan na shekara da shekaru, a Fijo za ka ƙare?" Aka yi dariya. Ni ma na yi. Amma maganar ta bi ni gida, ta kwana da ni.

Bayan kwana huɗu na tafi Kano. Motar tana wani tsohon gida a unguwar Nassarawa, ta wani attajiri ce da ya rasu, magada suna raba dukiya. Jaguar XJ-S, ja mai duhu kamar zoɓo. Duk wanda ya san motoci ya san wannan. A 1975 ta fito daga masana'antar Browns Lane da ke Coventry a Ingila, don ta gaji E-Type, kuma Malcolm Sayer, wanda ya fara aiki a harkar ƙera jiragen sama, shi ya soma zana ta kafin ya mutu a 1970. Daga rufinta wasu fukafukai biyu suka gangaro zuwa but, abin da ya raba kan masu sharhi a lokacin, wasu na yabo wasu na kushe. A ƙarƙashin dogon hancin nan akwai inji mai silinda 12, lita 5.3, na alminiyam, wanda zai iya kai ta kusan kilomita 240 a awa. Ta fito ne ana tsakiyar jin raɗaɗin tsadar mai da ta biyo bayan rikicin 1973, ga ta da shan mai kamar raƙumi ya samu rijiya, har kasuwarta ta kusa mutuwa, sai da aka sake fasalin kan injin a 1981 bisa dabarar wani injiniya ɗan Suwizalan, Michael May, aka sa mata tambarin HE. Wadda ke gabana mai wannan tambarin ce, sitiyarinta a hagu, kujerun fata, allon gaba da katako mai sheƙi.

An wanke ta tas, an shafa wa tayoyi mai. A nan ne na ɗora hannu na ji ɗumi. Da dillali ya ɗaga bonet, gaskiya ban san inda zan fara kallo ba. Injin 504 in ka buɗe kana hango ƙasa ta gefensa, har yaro zai iya zura hannu ya taɓa ko'ina. Wannan kuwa ba masaka tsinke: bututai, tiyo-tiyo, wayoyi, kamar an zazzage kwandon taliya. Na ga wani ɓawo ja-ja ya bushe a bakin murfin ruwa. Na ji warin fetur sama-sama. Na tambayi takardun gyara, aka ce marigayi a kansa yake riƙe komai. Na tambayi shekara nawa ta yi a ajiye, babban ɗan ya ce biyu, mai gadi daga bayansa ya buɗe baki zai yi magana ya fasa. Duk na gani, duk na ji. Sai aka tashe ta.

Ba zan yi wa motar nan ƙarya ba don ta ba ni wahala. Ban taɓa jin inji irin wannan ba. Ba ya ruri, ba ya karkarwa. Wani irin shuuu yake yi kamar iskar hadari daga nesa. Na hau titin gidan gwamnati da ita, na ɗan taka, sai na ji kujera ta manne min a baya ba tare da wata hayaniya ba. A danja, wani mai babur ya leƙo ya ce, "Alhaji, wannan wace iri ce?" Kafin in koma gidan na riga na saya a zuciyata. Kuɗinta ya haura abin da na tara, sai da na ƙara da na wani fili da nake shirin kewayewa. A ranar na ba da kafin alƙalami.

Daga nan ne na fara abin da ya fi ba ni kunya a duk labarin, wato neman shawara. Akwai wani tsohon makanike a Tudun Wada, shi yake gyara wa mahaifina mota tun ina riƙe masa fitila, Baba muke ce masa. Ya kamata in ɗauke shi zuwa Kano kafin in ba da ko kwabo. Ban ɗauke shi ba, kuma na gaya wa kaina wai don kada in wahalar da tsoho da doguwar tafiya ne. Ainihin dalilin shi ne na san abin da zai ce. Sai bayan na dawo na je garejinsa da hotuna a waya, na nuna masa duka biyun kamar wanda bai yanke hukunci ba. Ya daɗe yana kallon hoton injin Jaguar, yana matso da wayar yana nesanta ta. Ya ce, "Ɗana, wannan ta Barnawa, ko a Birnin Gwari ta tsaya maka da tsakar dare, akwai wanda zai tashe ta da sukundireba da filaya. Wannan jar kuwa ni kaina baƙuwata ce. In ka nace, kada ka tuƙo ta. Ɗoro ta a kan mota, a kawo min, mu yi wata guda muna bin ta a hankali kafin ta hau titi." Na ce to, Baba. Uwargida ita ma tambaya ɗaya ta yi: "Alhaji, in ta lalace wa zai gyara?" Na ce mata Jaguar ba ta lalacewa haka nan. Har istihara na yi, Allah ya yafe min, bayan kuɗina sun riga sun kwana uku a hannun magada.

Ban ɗoro ta a kan mota ba. Ina so in shiga Kaduna ina tuƙa ta, a gan ni. Cikin watan Maris ne, rana ta take. Na bar Kano da hantsi, na wuce Kura lafiya lau, ina jin kaina kamar wani sarki. Kafin Kwanar Dangora sai na ga allurar zafi ta haura tsakiya, tana hawa a hankali. Na kashe na'urar sanyi, ta ɗan sauka, ta sake hawa. Na gangara gefen hanya wurin wani saurayi mai gyaran motoci a ƙarƙashin bishiyar darbejiya.

Yaron nan ya buɗe bonet, ya ja da baya. Ya ce, "Yallaɓai, gaskiya ban taɓa buɗe irin wannan ba. Ka bari ta huce, mu ƙara ruwa, ka lallaɓa zuwa Zariya." Ni kuwa, da ilimina na majalisa, na ce masa matsalar tamostat ce, motar ƙasar sanyi ce, a cire shi kawai kamar yadda ake yi wa kowace 'yar Beljiyam. Kowa ya san al'adar nan tamu: mota na shigowa, a cire tamostat, a haɗa fanka kai tsaye, a ce an mayar da ita 'yar ƙasa. Ya lalubo, ya ce ai guda biyu ne, ɗaya a kowane ɓari. Na ce a cire duka. Ya sake cewa, "Yallaɓai, ka tabbata?" Na ɗaga masa murya. Ya cire, ya miƙo min su a tsumma, muka cika lagireto da ruwan rijiya jarka guda, na biya shi har da ƙari saboda jin daɗin an bi umarnina. A buɗaɗɗiyar hanya iska na dukan ta, allura ta zauna ɗan sama da tsakiya, na ce ka gani. Na iso Kaduna da la'asar, na bi ta gaban majalisa da gangan.

Mako biyar na yi ina cin duniyata. Ban kai ta wurin Baba ba, kullum sai gobe. Na je ɗaurin aure biyu da ita, kuma a duka biyun an bar ango an kewaye motata. Fetur kuwa kamar ana zubawa a rariya, amma na riga na shirya wa wannan. Abin da ban shirya masa ba ya same ni ne a cunkoson Kawo, wata ranar Juma'a cikin Afrilu. Mun fi rabin awa ba motsi. Ina kallon allura tana hawa, ina cewa yanzu za a saki hanya. Da na kashe ta a lokacin, da wataƙila labarin ya tsaya a nan. Amma kashe Jaguar a tsakiyar titi, a tura ta gefe mutane na kallo, shi ne abin da zuciyata ta ƙi. Sai na ji ƙwas, sannan ƙaf-ƙaf-ƙaf kamar ana buga guduma cikin tukunya. Tura ta ɗin da na guje wa, sai da aka yi shi, 'yan talla da masu babur suka taimaka, janwe ya zo ya ja ta zuwa Tudun Wada.

Baba bai ce min ai na gaya maka ba. Da ya faɗa ma da ya fi min sauƙi. Ya ɗauko tocila ya haska tsakanin lagireto da abin sanyaya baƙin mai da ke gabansa, ya kira ni in leƙa. Wurin ya toshe ƙam da ƙurar hunturu ta shekaru, busasshen ganye, da tarkacen sheƙar ɓera, sun dunƙule kamar katifa. Iska ba ta da hanyar wucewa. Da aka sauke lagireton aka buɗe, rabin bututansa laka ce ta tsatsa. Wannan ne ciwon motar tun daga Kano, kuma aikin yini biyu ne da kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Tamostat ɗin da na sa aka cire ba su da laifin komai.

Cire su ma shi ya ƙara dagula lamarin, kuma sai daga baya, da na nemo littafin gyaran motar na zauna na karanta, na gane yadda abin yake. A wannan injin kowane tamostat aiki biyu yake yi. Idan ruwa ya yi zafi yakan buɗe masa hanya zuwa lagireto, a lokaci guda kuma wani ɗan faifai da ke gindinsa ya toshe wata gajeriyar hanya da ke mayar da ruwa cikin inji kai tsaye. In ka cire shi, gajeriyar hanyar ta zauna a buɗe, ruwa kuwa ba wawa ba ne, inda ya fi sauƙi yake bi. Sai ya riƙa zagayawa cikin inji da zafinsa, kaɗan ne ke zuwa a sanyaya shi. Shi kuma kan injin na alminiyam ne, an dasa masa wasu zobba na ƙarfe inda bawul ke zama. Alminiyam ya fi ƙarfen saurin buɗewa in ya ji wuta, saboda haka idan zafi ya wuce kima sai ramin ya saki zoben, ya faɗo, fistin ya taso ya daka shi. Ƙarar da na ji a Kawo ke nan. Zobe ɗaya, wanda bai fi a sa a yatsa biyu ba, ya farfashe ya ɓata fistin da kan injin ɓari guda.

Ko cire kan injin sai da ya ci mako uku. Dogayen kusoshin da yake zaune a kansu cikin ruwan inji suke ratsawa, kuma shekarun da aka yi ana zuba mata ruwa tsura, ba maganin hana tsatsa, sun sa alminiyam da ƙarfe sun manne kamar an yi musu walda. Kullum Baba da yaransa suna ɗiga mai, suna ɗan bubbugawa, suna ɗagawa da kaurin farce. Wani ya ba da shawarar a sa ƙarfe a ɓanɓare, Baba ya kore shi daga garejin. An aika Ƙofar Ruwa, an aika Ladipo a Legas, ba a samu ko gaskit ba. Komai sai daga Ingila, da kuɗin fam, da jiran makonni, wani lokaci kuma abin ya iso a ga ba shi ba ne don ni na yi kuskuren lamba. Masu ba da shawara suka yi ta zuwa: a cire injin a sa na Toyota, a huta. Na kusa yarda.

Kusan shekara guda ina ba da labarin nan a karkace. A bakina, magada ne suka cuce ni, dillali ne maƙaryaci, kuma wani yaro a Kwanar Dangora ne ya kashe min mota. Na faɗa sau da yawa har na fara yarda. Ranar da abin ya warware, ina garejin ne ina maimaita wa wani baƙo, sai Baba, yana goge hannu da tsumma, bai ko dube ni ba ya ce, "Ɗana, yaron nan shi ya ce a cire, ko kai ka ce?" Na yi shiru. Ya ce, "Kai ka gaya min da bakinka ranar da aka jawo ta, sau biyu ya tambaye ka." Na manta ma na faɗa masa.

Da na zauna na bi abin daki-daki, ban sami wurin da aka rufe min ido ba. Dillali ya yi ƙarya, gaskiya ne, amma tafin hannuna ya ƙaryata shi nan take, ni na zaɓi in yi shiru. Ɓawon tsatsa a bakin murfi na gan shi. Mai gadi ya so magana, ban ja shi gefe ba. Tsoho ya ba ni hanya mai sauƙi, na ce to na yi gabana. Motar ma ba ta ci amanata ba: an ƙera ta ne don mai kula da ita bisa ƙa'ida, ta yi shekaru a ajiye, ta nuna min allura sau biyu tana neman agaji. Abin da ya fi ci min rai shi ne dalilin da ya sa na bar ta Barnawa. Ba don tsatsar ƙofa ba ne, ba don kafireto ba ne, ko da yake su na riƙa ambata. Na bar ta ne don sunanta sunan motar haya ne, sunan motar mahaifina, kuma wani ya yi dariya a kan kofin shayi. Sanin da kowa ya yi wa injinta, daga Panteka har ƙauyen da ba lantarki, shi ne babbar darajarta ga mai zama a Kaduna, ni kuwa shi na ɗauka abin raini. Dattijon da ya fara nuna min aibin kayansa na saka masa da ƙin dawowa, ko waya ban yi masa ba; wanda ya ɓoye min nasa na ba shi har da kuɗin fili. Kuma tun daga lokacin na lura da wani hali nawa da ya wuce batun mota: idan na ga ina kauce wa wani mutum takamaimai kafin in yanke shawara, yawanci shi ne wanda ya kamata in fara gani.

Na je Barnawa daga baya don in ba dattijon haƙuri. Ya karɓe ni da fara'a, ya sa aka kawo min ruwa, bai nuna ya riƙe ni da komai ba. Ya ce ya jira ni mako biyu, sannan ya sayar wa wani matashi malamin jami'a a Zariya, ya haɗa masa da littafin da kwalin nan. Ya ce yaron yakan kira shi duk sanda ya juye baƙin mai, ya karanta masa lambar kilomita. Na taɓa hango ta sau ɗaya a hanyar Jaji, an yi mata sabon fenti, gilashi a sauke, ta wuce ni ina cikin motar haya.

Wata rana kuma da hanya ta bi da ni Kano, na tsaya a Kwanar Dangora. Darbejiyar tana nan, yaron ba ya nan, aka ce ya koma Abuja aiki. Na bar saƙo wurin mai shayin da ke gefe, cewa in ya zo a gaya masa mai jar motar nan ya ce shi ne da gaskiya. Mai shayin ya dube ni kamar wanda bai gane ba, ya ce zai faɗa.

Jaguar tana nan a garejin Baba, ba a sa mata injin Toyota ba. An wanke lagireto, an canza duk tiyon fetur da suka bushe suka tsattsage, waɗanda Baba ya ce su ne warin da na ji a Kano, kuma da sun ɗiga a kan inji mai zafi da ba zancen gyara ake yi ba. Kan injin ya dawo daga wurin masu lalatawa da gogewa. Makon jiya ɗan ƙaramin kwali ya iso daga Ingila, na kai masa da kaina. Ya buɗe, ya fito da tamostat guda biyu sababbi, kowanne bai cika tafin hannu ba. Ya juya ɗaya, ya ɗora babban yatsansa a kan ɗan faifan da ke gindi, ya danna, ya saki, ya miƙo min in danna ni ma. Sannan ya ce in je in sayo ruwan lagireto na galan, mai launi, lita ashirin, kuma in dawo da rasit, don ya sa yaronsa ya sayo littafin rubutu mai bangon kwali.